Amshi da Rawar Taro: Nazarin Ƙaunar Mutanen Birnin Sakkwato ga Waƙoƙin Finafinan Hausa na 1999 zuwa 2003

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi irin son da mazauna birnin Sakkwato suka yi wa waƙoƙin rawa na finafinan Hausa da suka fito tsakanin 1999 da 2003, da dalilin da ya sa son bai gushe ba bayan fiye da shekara ashirin. An saba danganta karɓuwar waɗannan waƙoƙi ga kwaikwayon finafinan Indiya. Maƙalar ta yarda da wannan tasiri, amma tana ganin bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Abin da ya riƙe masu sauraro shi ne amshi da rawar taro, waɗanda suka daɗe a ƙasar Hausa tun kafin zuwan fim, kuma kaset ya shigar da su cikin gida a daidai lokacin da dandali ke mutuwa, hukuma kuma ke sa ido a kan kiɗa a fili. An dogara ga sauraren waƙoƙin, da mujallun fim na lokacin, da ayyukan manazarta, da lura da yadda ake amfani da waƙoƙin a bukukuwan birnin.

1.0 Gabatarwa

Shekarar 1999 ta zo wa Arewacin Nijeriya da abubuwa da yawa a jere. Ranar 29 ga Mayu soja suka miƙa mulki ga farar hula, Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa ya zama gwamnan Sakkwato. Ranar 18 ga Yuni Alhaji Mamman Shata ya rasu. A watan Oktoba gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. A cikin wannan shekara ce kamfanin Sarauniya na Kano ya fitar da fim ɗin Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa a watan Maris na shekarar, kuma a shafukan mujallar Tauraruwa ne aka fara kiran sana'ar da sunan Kannywood.

A sauran duniya, waɗannan shekaru lokaci ne na ƙungiyoyin mawaƙa matasa masu rawa a jere. Ingila na da Spice Girls, Amurka na da Backstreet Boys, Ailan na da Westlife. A Legas an sami Remedies, ƙungiyar da Eedris Abdulkareem, wanda ya tashi a Kano, yake cikinta, sai Plantashun Boiz da suka fitar da kundinsu na farko a 2000. Daga Abijan Magic System suka zo da waƙar Premier Gaou, Awilo Longomba kuma ya cika Nijeriya da kiɗan Kwango. Duk an ji waɗannan a Sakkwato, musamman a ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da shagunan aski, da wuraren da baƙi daga Kudu ke zaune. Sai dai iyakarsu ke nan. Waƙoƙin da suka wuce zaure suka shiga tsakar gida, har uwa da ɗiya suka haddace su tare, na Kano ne. Tambayar da maƙalar ke bi ita ce: me ke cikin waɗannan waƙoƙi da ya ba su wannan izini a birnin Shehu, kuma me ya sa har yau ba a bar su ba?

2.0 Ayyukan da suka gabata

Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 da littafinsa na 2008, ya nuna yadda Hausawa suka yi shekara da shekaru suna kallon finafinan Indiya, da yadda masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda kiɗan fiyano ya shiga finafinan Hausa, da finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, tun daga littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, ya shimfiɗa ma'aunin da ake nazarin waƙar baka da shi, wanda wannan maƙala ta amfana da shi sosai wajen batun amshi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan waƙoƙin fim ya tsaya ne a Kano, a wurin furodusa da makaɗi da hukumar tacewa. Mai saye da ke zaune a unguwar Mabera ko Runjin Sambo a Sakkwato, wanda kuɗinsa ne ya raya sana'ar, shi ne wannan maƙala ta sa a gaba.

3.0 Yadda waƙa ke isowa Sakkwato

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Finafinan farko sun fi ba labari ƙarfi. Abin ya canja lokacin da ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama a Kano suka sami fiyano samfurin Yamaha, mai iya kwaikwayon sautin kalangu da sarewa da bandiri da tafi. Mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki ya zama yana fitar da abin da a da sai an tara makaɗa. Sangaya ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa na iya sayar da fim tun kafin a san labarinsa, kuma daga nan aka ɗauki al'adar sakin kaset na waƙoƙi da tallar fim kafin fim ɗin kansa ya fito. Wasila, wanda Yakubu Lere ya shirya a 2000, da finafinan kamfanin FKD na Ali Nuhu, sun bi wannan hanya.

A wancan lokaci, Kasuwar Ƙofar Wambai da yankin Bata a Kano su ne matattarar dillalai. Daga can kaya ke hawa mota, su bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara su sauka Sakkwato, wasu kuma su zarce Illela su tsallaka Birnin Ƙwanni. A Sakkwato mai shagon kaset ba ya buƙatar allon talla. Lasifika yake fitarwa bakin ƙofa, ya saki sabuwar waƙa tun hantsi, ya maimaita ta har la'asar. 'Yan kabu-kabu da ke jiran fasinja a gefen titi su ne ke fara haddacewa, sai yara 'yan aike, sai 'yan mata masu talla, waɗanda su ne ke kai labari cikin gida. Matar da ba ta fita kasuwa takan ji amshin waƙa a bakin ƙanwarta kafin ta ji kiɗan, sannan ta ba da kuɗi a sayo mata.

Akwai abin da ya kamata a jaddada a nan, domin yana da nasaba da duk abin da zai biyo baya. Kaset na sauraro ya fi kaset na bidiyo yaɗuwa nesa ba kusa ba. A lokacin, bidiyo na buƙatar talabijin da na'ura da wutar NEPA ko janareto. Rikoda kuwa batir kawai take so, kuma wanda ya yi zamanin ya san yadda ake zare kaset a soka masa biro a juya da hannu don kada batir ya ƙare wajen mayarwa baya. Saboda haka mutane da yawa sun san waƙar Sangaya da kunne wata da watanni kafin su ga rawarta da ido. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin na zaɓi-sonka a gidajen rediyo sun ƙara wa abin ƙarfi, domin mai sauraro kan aika da gaisuwa ga jerin abokai da dangi, ya ɗora ta a kan waƙar da yake so. Son waƙa a wannan tsari abu ne da ake bayyanawa a gaban jama'a, da sunan wasu.

4.0 Amshi da rawa: tsohon abu cikin sabuwar riga

Idan aka saurari waƙoƙin wannan zamani a natse, za a ji abubuwa iri biyu sun haɗu. Na farko baƙo ne: namiji da mace suna musayar baiti a kan soyayya, kowa na amsa wa ɗan'uwansa kai tsaye, a fim kuma suna canja tufafi da wuri a cikin waƙa ɗaya. Wannan daga Indiya ya zo, kuma ba wani abin ɓoyewa ba ne. Finafinan Indiya na shekarun, irin Kuch Kuch Hota Hai na 1998 da Mohabbatein na 2000, suna shagunan haya ɗaya da finafinan Kano. Na biyu kuwa ɗan gida ne: taron muryoyin 'yan mata da ke karɓa bayan kowane ɗan waƙa, da tafi, da gajeren gindi mai sauƙin kamawa wanda ake komawa gare shi kowane lokaci. Daga wannan amshi ne ma sunan nanaye ya bi waƙoƙin, sunan da masu suka suka riƙa faɗa da raini, alhali yana nuna ainihin inda waƙoƙin suka samo ƙarfinsu.

Wanda ya ga gaɗa a dandali ya san tsarin. 'Yan mata kan tsaya a rabin da'ira da farin wata, ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa da tafi. Sai wata ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya ta saki jiki ta faɗa hannun ƙawayenta, su cafe ta su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta, wata ta shigo. Babu 'yar kallo a cikinsu. Kowace mai amshi ce, kuma kowace layinta na zuwa. Jeren 'yan mata masu anko da ke rausaya a bayan jaruma a finafinan 1999 zuwa 2003 hoton wannan da'ira ne da aka miƙar don kyamara. Mai kallo a Sakkwato ba ta buƙatar a koya mata inda za ta shiga cikin waƙar. Gurbinta na nan a amshi, kuma ta san shi tun tana ƙarama.

A ƙasar Sakkwato batun amshi ya ma fi haka zurfi. Kiɗan fada na wannan yanki, na Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo masu kotso, da Salihu Jankiɗi mai taushi, kiɗan ƙungiya ne a cikakkiyar ma'anarsa. A waƙoƙin Shata, aikin 'yan amshi mafi yawa shi ne maimaita gindi. A waƙoƙin Ɗanƙwairo kuwa, jagora kan fara magana ya sake ta a tsakiya, yaransa su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, har mai sauraro ya kasa raba inda muryar uba ta tsaya da inda ta yara ta soma. Kunnen da ya tashi da jin wannan a rediyo da bakin fada ya saba da cewa waƙa aikin mutane da yawa ce. Sai a haɗa da wani tsohon tarihi na matan birnin. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi amfani da waƙa wajen karantar da mata ta hanyar 'yan taru, inda jaji ke koyo ta koma ta koya wa wasu, suna rerawa tare. Ba ana cewa waƙar fim jikar waƙar Nana ba ce. Tsakaninsu akwai nisa a manufa da daraja. Abin lura kawai shi ne, mata su taru su rera abu ɗaya da murya ɗaya ba sabon al'amari ba ne a Sakkwato.

Wannan, a ganina, shi ne bambancin waƙoƙin Kano da na Backstreet Boys ko Awilo a kunnen mutumin Sakkwato. Ba harshe kaɗai ba ne, domin Hausawa sun shekara suna rera waƙoƙin Indiya ba tare da sun san ma'anarsu ba. Rawar Awilo rawar ƙugu ce da ba a yi a gaban surukai. Rawar ƙungiyoyin Turawa ta ƙwararru ce, ana kallo ana yabawa. Rawar finafinan farkon wannan zamani kuwa ta kafaɗa ce da hannu da taku gajere, wadda mace mai zane da gyale za ta iya yi ba tare da ta zubar da girmanta ba, kuma an tsara ta ne yadda mutum goma za su yi ta tare. 'Yan mata kan tsaya gaban talabijin a gidan maƙwabta su kwashe takun, su koma gida su gwada, ranar kamu ko wunin ƙawarsu su fito da shi a jere cikin anko. Yabon da ake yi a ranar na taron ne, a ce ƙawayen amarya sun iya.

5.0 Shari'a, kulle da komawar rawa cikin gida

Jagororin jihadin 1804 sun yi rubutu mai zafi a kan cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa da rawa, kuma wannan ra'ayi bai taɓa barin Sakkwato ba. Da Shari'a ta fara aiki a Zamfara a watan Janairun 2000, Sakkwato da Kano da wasu jihohi suka bi sahu a cikin shekarar. A watan Disamban 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, kuma rawa da waƙa tsakanin namiji da mace na cikin manyan abubuwan da aka yi ta jayayya a kansu. Mai duba abin daga nesa zai zaci waƙoƙin za su mutu a wannan yanayi. Akasin haka aka gani: shekarun da aka fi ɗaure wa kiɗa fuska su ne shekarun da kaset ya fi tafiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan aka dubi tsarin gidan Bahaushe. Tun kafin 1999 dandali ya riga ya fara ja da baya a cikin birni. Makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma ko da dare, talabijin, da cikar unguwanni da gine-gine sun cinye lokaci da filin da 'yan mata ke gaɗa. Kiran makaɗin kalangu zuwa biki kuma yana da nauyi biyu: namiji ne baƙo da zai tsaya a inda mata suke, sannan yana zuwa da maroƙa da liƙi da kashe kuɗi. Rikoda ta ɗauke duka biyun. Ana iya rufe ƙofar gida, a kori samari zuwa zaure, a ɗora rikoda a kan turmi, mata su yi rawarsu su kaɗai. Malamin da zai hana a kafa kalangu a ƙofar gida ba kasafai yake bin abin da mata ke saurare a ɗakunansu ba. Ta haka rawar taro ta sami mafaka a wurin da dama can shari'a da al'ada suka bar wa mata.

Ba za a ce masu suka ba su da hujja ba. Daga wajen 2002 zuwa gaba, gasar kasuwa ta sa wasu furodusoshi sun matse tufafin 'yan rawa, suka mayar da labari abin cike gurbi tsakanin waƙa da waƙa, kuma iyaye da yawa a Sakkwato sun hana shigo da irin waɗannan kaset gidajensu da gaskiyarsu. Amma masu sauraro sun yi wani bambanci da masu wa'azi ba su cika yi ba: sun raba hoto da sauti. Gidan da aka hana kallon bidiyo sau da yawa ba a hana jin kaset ba. Alamar da ta fi nuna haka ita ce yadda karin waƙoƙin fim ya riƙa bayyana a bakin ɗaliban Islamiyya a ranakun saukar karatu da Mauludi, an cire kalmomin soyayya an sa na yabo, kamar dai yadda masu bandiri suka yi da waƙoƙin Indiya. 'Yan siyasa ma sun ga amfanin abin, kiɗan fiyano ya shiga yaƙin neman zaɓe tun daga 2003.

Akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan sauyi, kuma bai kamata a manta da su ba. Mata masu kiɗan ƙwarya da zabiyoyi da ƙananan makaɗan kalangu, waɗanda biki ne abincinsu, sun ga kira yana raguwa. Manyan irin Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, sun tsira da sunansu. Na unguwa, waɗanda ba a taɓa ɗaukar muryarsu a kaset ba, da yawa sun ajiye sana'ar ba tare da magaji ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma son da nake yi wa waƙoƙin fim bai hana ni ganinsa ba.

6.0 Karin harshe

Waƙoƙin duk da Kananci aka yi su, kuma Basakkwace kan rera su yadda ya ji, ya ajiye nasa karin har waƙa ta ƙare. Wannan ya bambanta da zamanin Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo, lokacin da Bakano ne ke lanƙwasa harshensa ya bi Sakkwatanci idan yana son rera waƙar da ake ji da ita. A cikin shekaru kaɗan alƙiblar ta juya. Yaran da suka tashi da kaset ɗin Kano sun fi iyayensu sakin baki da Hausar gabas, musamman a zancen soyayya da wasiƙa, ko da yake makaranta da rediyo ma suna da nasu kason a wannan.

7.0 Wa ake so: mai murya ko mai fuska?

Ƙungiyoyin Turai da Legas suna da fuska ɗaya da murya ɗaya: wanda ke rawa shi ke waƙa, ko aƙalla haka ake nunawa. A finafinan Hausa, kamar na Indiya, aikin a rabe yake. Mawaƙi na rerawa a ɗakin kiɗa, jarumi na motsa baki a gaban kyamara. Muryoyin zamanin sun haɗa da Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Sani Yusuf Ayagi da Yakubu Muhammad, wanda ya haɗu da Sani Musa Danja suka kafa 2 Effects, abu mafi kusa da ƙungiyar mawaƙa irin ta waje da masana'antar ta samar a lokacin. Amma a bakin masoya, waƙa ta Fati Muhammad ce, ko ta Ali Nuhu, ko ta Ahmad S. Nuhu, wanda rasuwarsa a haɗarin mota a farkon 2007 ta girgiza matasa. Hotunan 'yan wasa ne ake yankowa daga mujalla a manna a bango ko a bayan littafin makaranta. Sunan yayi na atamfa da ɗinki da ɗaurin ɗankwali daga fim da jarumai yake fitowa.

Sakamakon haka shi ne, waɗanda suka fi kowa ba waƙoƙin ɗanɗanonsu, wato 'yan matan da ke amshi, su ne aka fi mantawa. Sau da yawa kwalin kaset ba ya ɗauke da sunayensu. Sai daga baya, da zuwan Fati Nijar, Aminu Ala, Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, mawaƙi ya fito daga inuwar fim ya tsaya da sunansa, yana sayar da kundinsa shi kaɗai. Wannan ci gaba ne ga mawaƙa. Sai dai ya zo da raguwar amshin taro, domin na'ura na iya ninka murya ɗaya ta zama kamar goma, kuma waƙar ta koma ta tauraro guda.

8.0 Bayan shekara ashirin

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001. Faifan CD ya ture kaset, katin waya da masu tura waƙa a kasuwa suka ture faifai, YouTube da TikTok suka zo daga baya. A kowane mataki tsofaffin waƙoƙin sun tsallaka, kuma masoya ne suka tsallakar da su. Wani ya ajiye kaset a akwati, wani ya kai shi aka juya, wani ya ɗora a intanet, wata ta tura wa 'yar'uwarta ta WhatsApp.

'Yan matan da suka yi anko a 2000 yanzu sun kai shekara arba'in ko sun haura, su ne iyayen biki. A wurin kamu ko wuni a Sakkwato, mai kayan sauti kan shafe lokaci yana sakin Ado Gwanja da Hamisu Breaker, ƙawayen amarya na fili, iyaye na zaune a kujera suna kallo. Da ya sako ɗaya daga cikin waƙoƙin wancan zamani sai wata ta yi guɗa, ta jawo hannun ta kusa da ita, kafin a kai amshi na biyu fili ya koma nasu. Ba sa tsayawa ɗaya-ɗaya. Jeruwa suke yi kafaɗa da kafaɗa, takun kuma yana nan a jikinsu, 'ya'yansu na ɗaukar su a waya suna mamaki. Abin da suke tunawa ya wuce waƙar: ƙawayen da aka yi takun tare da su ne, waɗanda aure ya kai wasu Gusau ko Birnin Kebbi ko Yamai, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya faru da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin zaman gida na annobar korona, da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon rawa a ɗakunansu har abin ya jawo muhawara, ya nuna cewa rawar cikin gida da kaset ya raya tana nan da ranta. Waya ce kawai ta buɗe ƙofar da a da ake rufewa.

Ajiyar da ke hannun masoya ba mai ɗorewa ba ce. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma zafin Sakkwato a watannin Maris da Afrilu yana haura digiri 40. Abin da ke intanet mafi yawansa kwafin kwafi ne, sauti ya dushe, babu shekara, babu sunan mawaƙi ko makaɗi, kuma ranar da mai shafin ya rufe shi, shi ke nan. An yi sa'a manazarta sun tsaya a kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo, aka rubuta waƙoƙinsu aka yi digiri a kansu. Waƙoƙin fim na 1999 zuwa 2003 sun cancanci irin wannan kulawa, ko da mutum bai ɗauke su a matsayin fasaha mai zurfi ba, domin su ne shaidar yadda matan birni suka yi nishaɗi a shekarun farko na Shari'a. Ina kira ga Cibiyar Nazarin Hausa da Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da gidan Rediyon Rima, su haɗa hannu su nemi waɗannan kaset daga tsofaffin dillalai da gidajen jama'a, a juya su da kwalayensu, a rubuta sunan kowane mawaƙi da makaɗi da 'yar amshi tun masu iya faɗa suna raye. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri kuma su fara da iyayensu mata da gwaggwanninsu, su tambaye su wace waƙa aka taka ranar kamunsu, kuma su wa suka tsaya a jeren.